Horon yara a gidan da maigida ya tafi biɗa

Wannan shi ne jawabin da ɗan garinmu, malamin lakwal, ya yi wurin taron ƙungiya gabanin damina, lokacin da ƴan biɗa sunka komo gida. Mun buga shi yadda ya faɗe shi domin waɗanda ba su samu zuwa ba.

Maigari, liman, iyayena dattawa, iyayena mata, yayyena da ƙannena da kunka komo daga Yamai, da Kano, da Ikko, da Abijan, da wuraren zinariya na arewa, ina gaishe ku, ina yi maku barka da isowa gida.

Da farko ina roƙon gafara. Cikin waɗanda ke zaune nan akwai wadda ta goye ni, akwai wanda ya taɓa saukar da ni bisa mangwaronshi da kunne. Shekaruna ba su kai in koya maku reno ba. Abin da ya ba ni bakin magana guda ne: daga watan Oktoba har Yuni, kullum safe ɗiyanku na zaune gabana, kuma yaro ba shi iya ɓoye ma malaminshi yadda gidansu shi ke. Abin da na gani zan faɗa, wanda bai yi daidai ba ku gyara mani.

Zan fara da laifin kaina. Shekarar da na fito daga makarantar horon malamai anka tura ni wani ƙauye, anka ba ni ajin farko. Akwai wani yaro da na ce ma, da Faransanci, shi ɗauko arduwaz ɗinshi shi zo gaba. Ya tsaya shina kallona. Na sake faɗi, bai motsa ba. Ƴan aji sunka fara dariya, zuciya ta ɗebe ni, na kwaɗa mashi mari ga kunne. Bayan kwana uku uwar ta zo da shi, kunnen na ruwa. Munka je likita, anka duba, anka ce ƴar fatar da ke cikin kunne ta huje. Yaron nan ba ƙin magana ya yi ba, jama'a. Sati uku ke nan da shigarshi lakwal, bai san abin da ni ke cewa ba. Kunnen ya warke, Allah ya rufa mani asiri, amma har ƙarshen shekara in na matso kusa da shi sai shi ɗaga hannu shi kare fuska, kuma bai ƙara buɗe baki cikin aji ba. Ma'aikatar ilimi ta daɗe da hana malamai duka, na san haka tun kafin in mare shi. Abin da ban sani ba shi ne abin da zan sa maimakon marin.

Na san abin da iyayena za su ce: mu da bulala anka rene mu, ga mu kuma mun zama mutane. Gaskiya ne kun zama mutane. Amma ku tuna da sauran abin da ya rene ku. Kun tashi cikin gandu, daga hantsi har azahar kuna kunya guda da ubanku, kuna ganin yadda shi ke riƙe hauya, yadda shi ke gaida mutane, yadda shi ke raba hatsi ba ha'inci. Da dare kaka na yi maku gatana. Ƙanen uba na nan, maƙwabci na da ikon tsawata maku. Bulala ƙaramin kashi ce cikin wannan duka. Yau maigida na yin wata bakwai ko takwas waje, wani shekara biyu, gandu ya watse, sai bulalar ta rage ita kaɗai hannun mace wadda daka da ɗiban ruwa sunka gajiyar. Yaron da ba a nuna ma komi ba sai duka, abu guda shi ke koyo: kada a kama shi. Ina da su cikin aji. In ina nan kamar ruwa ya cinye su, in na juya ga tabulo sai ƙaramin da ke kusa da su shi sha rankwashi.

Kowa nan ya san icce tun shina ɗanye a ke tanƙwara shi. Wanda ya taɓa yin baka ko ƙotar gatari ya san kuma da sannu a ke yi, yau kaɗan gobe kaɗan. Abu biyu dai ina roƙo ko ga wanda bai yarda da maganata ba: kada a bugi yaro ga kai ko kunne, kuma kada a jijjiga jariri don ya ƙi yin shiru. Wuyan jariri bai da ƙarfi, jijjiga na iya sa jini shi zuba cikin kanshi, shi makance ko shi mutu. In kuka ya ishe ki, inna, ki miƙa shi ga wata, ko ki kwantar da shi bisa tabarma ki fita ƙofar ɗaki ki sha iska.

To mi za a sa maimakon duka? Akwai wani abu da anka karantar da mu wanda ban gane amfaninshi ba sai da na haihu. Wani masani ɗan ƙasar Suwis, Jean Piaget, ya buga littafi a 1932 bisa yadda yara ke auna laifi. Shina ba su labarin yara biyu. Na farko an kira shi cin abinci, ya tura ƙofa bai san akwai faranti bayanta ba, kofi 15 sunka fashe. Na biyu uwarshi ta fita, ya hau kujera za shi ɗibi abin zaƙi da anka ajiye sama, ya fasa kofi guda. Sai shi tambaye su wa ya fi laifi. Ƙananan, ƴan shekara 6 ko 7, da yawansu sunka ce mai kofi 15, tunda ɓarnarshi ta fi yawa. Sai wajen shekara 9 ko 10 sunka fi duba niyya. Waɗanda sunka bi sawunshi da bincike daga baya sun nuna ƙaramin yaro ma na gane niyya, in an fito mashi da ita fili.

Yanzu ku dubi gidajenmu. Yarinya ta yi tuntuɓe tulu ya fashe, ta sha kashi har maƙwabta su shigo ceto. Wanta ya yi ƙarya ya ce ya je makarantar allo alhali shina bakin tabki, anka yi dariya anka ce ɗan nan wayo gare shi. Mi munka koya masu? Mun koya masu tulu ya fi gaskiya tsada. Gobe in ta fasa ƙwarya za ta ɓoye gutsattsarin ta ce akuya ce. Ya kamata mu raba ɓarna da laifi. Ɓarna ta tsautsayi, gyara a ke yi: ya zubar da fura, shi ɗauko tsumma shi share. Laifi na ganganci, shi ma horonshi shi fito daga cikin laifin. Ya bar awaki sunka shiga gonar wani don shina wasan langa, to ka kama hannunshi ku je wurin mai gonar, shi ba da haƙuri da bakinshi, kai kana tsaye, sa'annan shi yi kwana biyu shina taya shi gyaran shinge. Wannan ya fi bulala goma zafi, kuma ba shi mance shi. Wanda kuma ya zo da kanshi ya ce ni na yi, a rage mashi horo, a gaya mashi don ya faɗi gaskiya ne anka rage.

Yadda mu ke ba da umurni ma na da gyara. Daga bakin murhu a ke ƙwala ma yaro kira shina tsakiyar wasa, a jera mashi aike uku, in ya mance biyu a ce ba shi ji. Ɗan shekara huɗu ko biyar aike guda shi ke riƙewa da kyau. A kira sunanshi, shi zo kusa, a faɗa gajere, shi maimaita. Kuma a faɗi abin da a ke so shi yi. "Bari, bari" tun safe har dare ba ta nuna ma kowa hanya. "Ajiye wuƙar nan, zo ka tsince mani wake" ta nuna. Dokokin gida su zama kaɗan, waɗanda uwa da abokiyar zamanta da kaka sunka yarda da su tare. Kakannina, na san jika abokin wasanku ne, ba mai raba ku, ba kuma ku za ku riƙe sanda ba. Amma in uwa ta ce yau ba shi fita don abin da ya yi, kada a buɗe mashi ƙofar baya a ba shi ƙuli. In kun ga ta tsananta, ku gaya mata bayan ya yi barci.

Sai maganar yabo, wadda ta fi yi mana wuya. Muna jin kunyar yabon namu, balle ɗan fari da ko sunanshi ba a faɗi, muna kuma tsoron baki. Ban ce a bar kunya ba. Amma ku lura, yaron da ba a kulawa da shi sai ranar da ya yi ɓarna, ɓarnar za shi riƙa yi, don ita kaɗai ke sa a waiwaye shi. Ba sai an yabe shi gaban jama'a ba, ba sai an ce ya fi ɗan wane ba, wannan ma gaba shi ke haddasawa tsakanin ƴan uba. Aikin za a ambata, daga kai sai shi: na ga ka ba tumaki ruwa ba wanda ya tuna maka, madalla. Wanda kunya ta hana, shi aika ta bakin gwaggo ko kaka: ubanka ya ji abin da ka yi, ya ji daɗi. Kuma muna da kalmar da ba ni da irinta cikin littattafan da na karanta, wato Allah shi yi maka albarka. Na ga yaro ɗan shekara 12 ya zo lakwal shina tafiya kamar an naɗa shi sarauta, na tambaye shi, ashe kakanshi ne ya sa mashi albarka da safe.

Yanzu na juyo gare ku, ƴan biɗa, tunda ni ma ɗan mai tafiya biɗa ne. Dā sai wasiƙa ko kaset, yau ga salula, kuna magana da gida duk sati. Mi yaro ke ji cikinta? Uwa ta tara laifuffuka na kwana bakwai, in ka kira ta zazzage, a miƙa mashi salula ka yi ta faɗa kana rantsuwar abin da za ka yi mashi in ka komo. Ka zama dodo ke nan. Ita kuma ta zubar da ikonta, tunda ta nuna mashi ba ta iya komi sai da kai. Laifin Talata a hukunta shi ranar Talata, wanda ke gida shi hukunta. Kai naka shi ne ka ce ma yaro, ta ji shi ma shi ji, maganar uwarka maganata ce. Sa'annan ka tambaye shi abu na gaske: akuyar ta haihu? Mi kunka karanta jiya? Ƙirga mani da Faransanci har ashirin. Ko ba ka yi lakwal ba, shi bai damu ba, so shi ke a saurare shi. Ka yi magana da ɗiya mata kamar yadda ka ke yi da maza. In ka komo kuma, kada ka kafa shari'a daren farko.

Alkawali shi ne na biyu. Nawa ne cikin ɗiyanku sunka gaya mani baba za shi kawo keke? Wani shekara uku shina jiran keken nan. Ban ce ku saya ba, na san yadda a ke samun jikka guda a can. Kada dai a faɗi abin da ba za a yi ba. Liman na nan, ya fi ni sani: ya zo cikin hadisi wata mata ta kira ɗanta da cewa za ta ba shi abu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya tambaye ta abin da za ta ba shi, ta ce dabino, ya sanar da ita da ba ta ba shi komi ba da an rubuta mata ƙarya. Haka barazana. "Zan yanka ka", "zan kira kura", yaro na jin su sau biyu shi gane iska ce. Mafi muni ita ce "zan kai ka a yi maka allura". Ranar da masu rigakafi sunka shigo gari, ko ranar da zazzaɓi ya kama shi, sai an bi shi cikin karan gero.

Maganar da ta fi daɗe mani a rai ita ce ta dogaro da kai. An karantar da mu labarin wata likita ƴar Italiya, Maria Montessori. A 1907 ta buɗe gidan yara cikin wata unguwar talakawa ta birnin Roma, inda iyaye ke fita aiki su bar ƙanana suna yawo. Ta sa anka yi masu kujeru da tebur daidai tsawonsu, ta bar su suna shara, suna wanke hannu, suna ɓalla maɓallin riga, suna zuba ruwa da kansu, babba na nuna sau ɗaya a hankali sa'annan shi janye hannu. Yau makarantu masu sunanta na ƙasashe da yawa. Da malaminmu ya gama bayani sai na tuna da ƴar hauyar da maƙerin garinmu ya ƙera mani ina ɗan shekara shida, da ɗan tulun da anka saya ma ƙanwata. Abin namu ne tun dā, mu ne mu ke sakinshi.

Ɗan shekara uku na iya wanke hannu da sa takalmi da watsa ma kaji tsaba. Za shi daɗe, za shi sa na dama ga hagu; in kin karɓe kin yi mashi don sauri, gobe ma ke za ki yi. Ɗan biyar ko shida shi share gaban ɗaki, shi naɗe tabarmarshi, a aike shi gidan da ya sani. Ɗan bakwai ko takwas shi wanke rigarshi, shi haɗa kaye da bik ɗinshi tun dare, a ba shi dala ashirin shi sawo gishiri shi ƙirga canji gabanka. In ya kai goma, a ba shi abin da za a ce nashi ne: kaza guda, ko kunya huɗu gefen gamanar uwarshi shi shuka gujiya ko kuɓewa ko yakuwa. Nashi na gaske ni ke nufi. In ya sayar, kuɗɗin su shiga asusunshi, a zauna da shi a yi shawarar abin da za a saya, kada a karɓe a ce an ajiye mashi shi kuma bai ƙara ganinsu ba. In ya yi sakaci ciyawa ta cinye gujiyar, a bar shi shi ga kwandonshi wayam ranar da na ƙanenshi ya cika. Ba sai an ƙara da zagi ba. Gara shi yi wannan hasara ta kunya huɗu shina gabanku da shi yi ta farko a tashar Agadas da kuɗɗin mota cikin aljihu.

Ku da kunka zauna ɗakin haya ku shida a bariki, wa ya dafa maku? Wa ya wanke maku tufafi? Kun koya da girma, da ƙona tukunya, ana yi maku dariya. To don mi ɗanku namiji za shi tashi bai san hura wuta ba, alhali kun san hanyar da kunka bi ita za shi bi?

Ga ɗiya mata kuwa matsalar ta juye. Su ba rashin aiki ke damunsu ba, yawanshi ne. Yarinyar da ta yi surfe, ta je rijiya sau uku, ta goyi ƙanenta, ta iso aji ƙarfe tara ta kifa kai bisa tebur, ba dogaro da kai anka koya mata ba, an ɗora mata kayan babba ne. Bambancin shi ne: aikin da ke gina yaro daidai ƙarfinshi shi ke, shina da ƙarshe, kuma ana barin shi shi yi shawara cikinshi. Talla na koya lissafi da magana da mutane, ban musa ba, ƴan tallan ajina sun fi kowa saurin ƙidaya da ka. Amma ina roƙon iyayena mata abu uku. Kada ta hana lakwal. Kada ta kai magariba, ko ta shiga tasha da ɗakunan samari. Na uku shi ne babba: kada a bugi yarinya don ta komo da saura ko kuɗɗi sun ɓace. Yarinyar da ke tsoron komowa gida da tuwon da bai ƙare ba, duk wanda ya ce zo in saye duka za ta bi shi. Ku gaya mata da bakinku, tun ba a kai can ba, cewa ta komo da faranti cike ya fi maku, kuma duk wanda ya taɓa ta ko ya faɗa mata maganar banza ta zo ta faɗa, ba abin da za a yi mata.

Barci da salula, a taƙaice. Likitoci sun ce yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 na bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Wanda ya kai sha biyun dare gidan kallo, da safe fitina za shi yi, ba don mugun hali ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban salula ko talabijin, ɗan 2 zuwa 4 kada shi wuce awa guda a yini. Salular da kunka kawo tsaraba, ku san abin da ke cikin katinta kafin ta shiga hannun yaro, kuma ta kwana ɗakin uwa.

Ga abin da ni ke roƙo kafin ruwan shuka shi sauka. Duk mai yaro ko yarinya da ya kai shekara goma shi auna mashi kunyoyinshi, shi ba shi iri. Ni kuma in an koma lakwal cikin Oktoba zan sa kowa shi kawo lissafin abin da ya shuka da abin da ya samu, da shi za mu fara darasin ƙidaya. Wanda ke son jin labarin ɗanshi shi same ni lakwal bayan la'asar, ina nan har ƙarshen Yuni; ku zo ku biyu da uwar in da hali, don ita ce za ta rage da shi in kun sake tafiya.